Kowane Dutse da Sunansa: Sunayen Wurare a Tsibiran Galik na Sikotilan

Wajen ƙarfe biyu na daren 1 ga Janairu, 1919, wani jirgin ruwa mai suna Iolaire ya doshi tashar Stornoway da ke tsibirin Lewis, can arewa maso yammacin Sikotilan. Galibin mutanen ciki samarin tsibirin ne, sojojin ruwa da suka tsira daga Yaƙin Duniya na Ɗaya, za su gida su yi sabuwar shekara da iyayensu. Saura ƙiris a shiga tasha jirgin ya hau wasu duwatsu da ke dab da gaɓa, ya nutse. Mutum 201 suka rasu, ana hango fitilun gari. Da wuya a sami ƙauyen da bai yi zaman makoki ba a Lewis a wannan mako.

Sunan duwatsun Biastan Thuilm. Biast a harshen Galik dodo ce, ko muguwar dabba. Tolm kuwa ba asalin Galik ba ce, tsohuwar kalmar mutanen Norwe ce, hólmr, wato ɗan ƙaramin tsibiri. Dodannin Tolm ke nan. Masuntan da suka raɗa wannan suna tun kafin a ƙera Iolaire ba waƙa suke yi ba, kashedi ne suka bar wa na bayansu. A ɗan sunan nan akwai harsuna biyu, da tarihin sama da shekara dubu, da ilimin da ke raba mai kwale-kwale da hallaka. Haka sunayen wurare suke a tsibiran Hebrides. Abin da ya ja hankalina gare su shi ne, kusan kowannensu aiki ne ya haife shi, kuma tsawon ransa na ɗaure da tsawon ran wannan aiki.

Galik ɗaya ce daga harsunan Keltik, 'yar'uwar harshen mutanen Ayalan. A ƙidayar 2011 masu jin ta a duk Sikotilan ba su wuce dubu 57 da 'yan kai ba. Cibiyarta jerin tsibiran nan ne da ke fuskantar tekun Atlantika, Lewis da Harris da Uist da Benbecula da Barra, waɗanda ake haɗa su a kira su Na h-Eileanan Siar, Tsibiran Yamma, sai kuma irin su Skye da Mull da Eigg da suka fi kusa da babban yanki. Ƙasa ce mai iska da ruwan sama, itatuwa sai ɗaiɗai. Ƙauyuka na jere a bakin teku, tsakiyar tsibiri kuwa dausayi ne shimfiɗe iya ganinka, da tafkuna ba adadi. Baƙo in ya duba sai ya ce ba komai a wurin. Ɗan gari in ya duba, ba taku ɗari da zai yi bai wuce wani abu mai suna ba.

Bahaushe ba zai sha wuyar gane ginin waɗannan sunaye ba. Galik na fara faɗin abin, sannan ta siffanta shi ko ta jingina shi ga wani, kamar yadda muke cewa Birnin Kudu ko Tudun Wada. Beinn Mhòr, babban dutse. Tràigh Mhòr, babban rairayin bakin teku, wanda a Barra a kansa jiragen sama ke sauka idan ruwa ya janye. Tobar Mhoire, rijiyar Maryama, wadda Turanci ya mayar Tobermory. Harshen na da jinsin namiji da tamace kamar namu, kuma jinsin yakan taɓa farkon kalmar da ke biye: cnoc, ɗan tudu, namiji ne, sai a ce Cnoc Mòr, beinn tamace ce, sai m ɗin ta yi laushi a ce Beinn Mhòr, ana furta ta da sauti tsakanin b da f. Wannan h da ke cika taswirar yankin, mai firgita baƙi, alamar wannan laushi ce kawai.

Sai kuma jiki. Mu muna cewa bakin kogi, gindin dutse, kan tudu, cikin gari. Su ma ƙasa jiki ce a wurinsu: ceann kai ne, druim gadon baya, sròn hanci, gualainn kafaɗa, aodann fuska, beul baki. A duwatsun Cuillin na Skye akwai wani tsini da ake kira A' Chìoch, nono. Kwarin da ke rungume a jikin dutse sunansa coire, tukunya, shi ya sa tafkin nan da duwatsu suka kewaye, Loch Coruisk, asalinsa Coire Uisg, tukunyar ruwa. Tudu kuwa ba kalma ɗaya ba ce. Sgùrr mai tsini ne, meall dunƙulalle, creag tsayayyen dutse mai gangare, càrn tarin duwatsu, bealach mashigar da ke tsakanin duwatsu biyu. Wanda aka ce masa tumakinsa na bayan meall ba zai ɓata yini yana hawan sgùrr ba.

Launuka sun fi ba ni sha'awa, domin a nan ne ake ganin idon makiyayi. Ja iri biyu ne: dearg ja ne irin na jini, ruadh kuma ja ne irin na tsatsa ko jar ƙasa. Gorm shuɗi ne idan ana maganar teku ko dutse mai nisa, amma ɗanyar ciyawa mai kyau ita ma gorm ce. Glas yana tsakanin toka-toka da tsanwa. Akwai odhar, ƙasa-ƙasa, da breac, dabbare-dabbare, da riabhach, mai ratsi-ratsi. Da waɗannan kalmomi ne dai ake kiran shanu, kamar yadda Bafulatani ke sanin kowace saniya da launinta. Idan aka ce wa mace mai kiwo gangaren can gorm ne, an gaya mata inda nono zai ƙaru. Idan aka ce dubh, baƙi, ta san laka ce da ƙananan tsirrai marasa daɗin kiwo. Launin ba ado ba ne, bayanin makiyaya ne.

Amma wanda ya koyi Galik don ya fassara taswirar Lewis zai yi saurin cin karo da bango. Siabost, Tolastadh, Siadar, Calanais, Lacasdal: da bakin Galik ake furta su, da ƙa'idarta ake rubuta su, amma ba su da ma'ana a cikinta. Tun daga shekara ta 795, lokacin da aka fara kai hari gidan ibadar Iona da Columba ya kafa a 563, mayaƙan teku daga Norwe, waɗanda ake kira Baikin, suka riƙa zuwa. Da farko ganima suke ɗiba su koma, daga baya suka zo da iyali suka zauna. Tsibiran suka kasance ƙarƙashin sarautar Norwe har zuwa Yarjejeniyar Perth ta 1266. Mutanen babban yanki ma sai suka riƙa kiran wurin Innse Gall, Tsibiran Baƙi, sunan da har yau yana nan.

A 1954 wani masanin harshe ɗan Norwe, Magne Oftedal, ya bi sunayen ƙauyukan Lewis ɗaya bayan ɗaya. Cikin 126, ya tarar 99 tsantsar Norsanci ne, harshen Baikin ɗin. Da zarar mutum ya riƙe 'yan kalmomi kaɗan, sai taswirar ta buɗe masa. Ƙarshen nan bost daga bólstaðr yake, gona da gidanta. Siadar daga setr, mazauni. Bhal daga fjall, dutse, kamar Ròineabhal a Harris. Nis daga nes, hancin ƙasa da ya kutsa teku. Aigh daga ey, tsibiri: Beàrnaraigh tsibirin Bjorn, Sòdhaigh tsibirin tumaki, Pabaigh tsibirin masu zuhudun Kirista da baƙin suka tarar. Lacasdal kwarin kifin samon ne. Stornoway kanta, Steòrnabhagh, lungun teku ne da ake juya akalar jirgi a shiga. Norsanci kuma yana sa siffa a gaba, abin a baya, akasin Galik, don haka jerin kalmomin kaɗai kan nuna bakin wanda ya fara raɗa sunan.

Yawan waɗannan sunaye ya ta da tambaya mai nauyi. A 1876 wani jami'in sojan ruwa mai auna teku, Kyaftin F. W. L. Thomas, ya rubuta maƙala yana tambaya ko baƙin nan ƙarar da mutanen da suka tarar suka yi. Dalilinsa a fili yake: a Tsibiran Yamma da wuya ka sami sunan gona ko rafi da za a rantse ya girmi zuwan Baikin. Abin da ya tsira sai sunayen manyan tsibirai. Skye da Mull, alal misali, suna cikin littafin Batlamus na Iskandariya tun ƙarni na 2. Masana na ja-in-ja har yau. Wasu na ganin an kashe ko an bautar da mutanen farko, wasu na ganin an gauraya ne ta aure, harshen masu mulki ya danne na talakawa na 'yan ƙarnuka. Ni dai abin da nake gani shi ne, sunan rafi ba ya ɓacewa haka kawai muddin akwai mai ɗiban ruwa a cikinsa da ke tuna sunan. Shirun da taswirar ta yi game da mutanen farko shaida ce mai tayar da hankali. Duk da haka cuɗanya ta faru, domin aron kalma bai bi hanya ɗaya ba: Galik ta karɓi sgeir, dutsen cikin teku, da geodha, tsagar gaɓa, daga Norsanci, shi kuma ya karɓi àirigh, rugar bazara, ya kai ta har tsibiran Faro da arewacin Ingila.

Da Galik ta dawo ta mamaye tsibiran, ba ta share abin da ta tarar ba, sai ta yafa masa rigarta. Akwai wani dogon tafki tsakanin Lewis da Harris, Loch Langabhat. Langa-vatn a Norsanci dogon tafki ne. Loch ma tafki ne. Tafkin Dogon Tafki ke nan. A Skye akwai Gleann Dail, Kwarin Kwari. Mu ma muna cewa hamadar Sahara, alhali sahara a Larabci ita ce hamada. Richard Cox, wanda ya tattara sunaye kusan 3,000 a yankin Carloway na Lewis kaɗai ya wallafa su a 2002, ya ja hankali ga wani abu mai muhimmanci a nan: irin wannan suna ba ruwa biyu ba ne, sunan Galik ne cikakke. Wanda ya ƙara loch bai san ma'anar vatn ba, a kunnensa Langabhat suna ne kawai. Maimaicin da wasu ke ɗauka kuskure ne, shi ne hatimin da ke nuna zamanin da wani harshe ya mutu a bakin mutane, wani ya gaje shi.

A dakata a kan adadin nan na Cox. Sunaye kusan 3,000 a 'yan ƙauyuka da makiyayarsu. Sunayen ƙauyukan su ne na Norsanci. Dubban ƙananan da ke tsakaninsu, na tudu da kududdufi da dutsen da ake zama a kai a jefa ƙugiya, mafi yawansu na Galik ne. Su ne kuma ba sa hawa allon hanya.

Rayuwar da ta haife su ga yadda take. Kowane gida na da ɗan fili na haya kusa da teku, ƙauye kuma na da makiyaya ta tarayya a dausayin da ake kira mòinteach. Idan bazara ta shigo, mata da 'yan mata da yara sukan kora shanu su tafi àirigh, su zauna a 'yan bukkokin dutse da laka makonni, suna tatsa suna kaɗa man shanu, don amfanin gona ya samu ya tashi ba ɓarna. Wanda ya san mashekarin Fulani ya san dabarar. A Lewis an ci gaba da wannan har tsakiyar ƙarni na 20. Kowace ruga da sunanta, sau da yawa na macen da ta saba zama a wurin ko na danginta, kuma hanyar zuwa can jerin sunaye ce da yarinya ke haddacewa tana bin uwarta. Daga dausayin nan ne kuma ake yanko mòine, wata baƙar laka ta ruɓaɓɓun tsirrai da ake busarwa a yi makamashi da ita, tun da itace babu. Kowane gida ya san ramin da yake yanka. A teku kuwa, masunci yakan gane inda kifi yake ta hanyar daidaita alamomi biyu na tudu, sai wannan tsini ya hau kan wancan gini sannan ya saki ƙugiya. Alamar da ba ta da suna ba ta koyuwa ga ɗa.

Hujjar da ta fi gamsar da ni cewa aiki ne uban suna tana can ƙololuwar Cuillin. Kwaruruwan ƙasa, inda dabba ke kiwo, sunayensu tsofaffi ne. Amma ƙololuwa mafi tsawo a Skye, mai mita 992, sunanta Sgùrr Alasdair ne saboda Alexander Nicolson, ɗan tsibirin da ya hau ta a 1873. Sgùrr Mhic Choinnich sunan John Mackenzie ta ci, ja-gaban masu hawan dutse, Sgùrr Thormaid kuma na abokin tafiyarsa Norman Collie. Makiyayi ba shi da abin yi a kan tsinin da ba ciyawa. Sai da hawan dutse ya zama sana'a da nishaɗi sannan aka bi waɗannan tsinaye ɗaya-ɗaya da sunayen da aka san su da su yau.

Akwai ma sunayen da ake sakayawa. A da, matuƙan jirgi ba sa kiran tsibirin Eigg da sunansa idan suna kan ruwa, sai su ce Eilean nam Ban Mòra, Tsibirin Manyan Mata. Martin Martin, ɗan Skye da ya wallafa bayanin tsibiran a 1703, ya ba da labarin cewa masu zuwa kamun tsuntsaye a tsibiran Flannan ba sa ambaton sunan wurin muddin suna kansa. Wanda ya tashi a gidan da ake ce wa maciji igiyar ƙasa da dare ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Suna linzami ne, ba a jan sa da wasa a inda rai ke hannun Allah.

To, me ya sami waɗannan sunaye? Abu na farko da aka saba ɗora wa laifi shi ne taswira. A 1844 James Matheson, wanda ya yi dukiyarsa da cinikin ofiyom a Sin, ya sayi Lewis ɗungurungum, kuma ba a jima ba safiyoyin hukumar taswira ta Birtaniya, Ordnance Survey, suka auna tsibirin. Galibinsu ba sa jin Galik. Sukan tambayi limamin coci ko malamin makaranta ko wani ɗan gari, su rubuta a littafin sunaye. Daga irin wannan haɗuwa ta kunnen baƙo da bakin ɗan gari, a taswirar tudu da ta teku, aka sami abubuwan takaici. Wuyan ƙasar da ya haɗa wani yanki da sauran Lewis sunansa An Aoidh, daga kalmar Norsanci mai nufin wuyan ƙasa; Turanci ya ji kamar kalmarsa ta ido, yankin ya zama Eye Peninsula. Tsibirin da mutanensa ke kira Hiort ya shiga duniya da sunan St Kilda, alhali ba a taɓa yin wani waliyyi Kilda ba. Akwai dai wata rijiya a can, Tobar Childa, wadda rabin sunanta na biyu kalmar Norsanci ce ta maɓuɓɓuga. Mu da Sakkwato ta zama Sokoto, Dogon Dutsi ya zama Dogondoutchi, mun san wannan ciwo.

Sai dai adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. Littattafan safiyoyin nan sun adana dubban sunayen tuddai da tafkuna da rubutun Galik, waɗanda da yanzu ba mai tuna su. Kuma ba baƙo kaɗai ke karkatar da suna ba. Babban garin Skye ana rubuta shi Port Rìgh, Tashar Sarki, ana danganta shi da ziyarar Sarki James na Biyar a 1540, amma furucin 'yan gari ya sa masana da dama na ganin asalinsa tashar gangare ce, labarin sarkin daga baya ya hau kai. Benbecula, Beinn na Faoghla, na nufin dutsen mashigin ruwa, ga tsibiri shimfiɗaɗɗe da tudunsa mafi tsawo bai wuce mita 124 ba. Akwai masu ganin kalmar farko peighinn ce, wato fili gwargwadon harajin kwabo ɗaya, baki ya lanƙwasa ta. Mai neman ma'anar suna dole ya fara da jin yadda tsohuwar ƙauyen ke furta shi, sannan ya nemi tsofaffin takardu. Ƙamus shi ne na ƙarshe.

Wani lokaci kuma kuɗi ne ke raɗa suna. Lord Leverhulme, mai sabulun Sunlight, ya sayi Lewis a 1918, ya ƙara da Harris a 1919. Ƙauyen An t-Òb, wato ɗan lungun teku, aka mayar da shi Leverburgh don ya yi niyyar gina babbar tashar kifi a wurin. Kamfaninsa ne dai ya sayi Kamfanin Neja a 1920, wanda daga baya ya zama UAC da iyayenmu suka sayar wa gyaɗa a Kano. Ya rasu a 1925, aikin tashar ya tsaya cak. Masu jin Galik har yau An t-Òb suke cewa.

Amma babbar asarar ba daga alƙalamin safiyo ta zo ba, daga korar mutane ta zo. A ƙarni na 19 masu ƙasa suka ga tumaki da barewar farauta sun fi talaka riba, suka riƙa tashin ƙauyuka. A 1853 aka fitar da mutanen Boreraig da Suisnish a Skye daga gidajensu. Yankin Pàirc na Lewis aka kwashe ƙauyukansa aka bar wa dabbobi, har a 1887 mutanen da yunwa ta ishe su suka kutsa suka harbe barewa don duniya ta ji kukansu. Rigimar Braes ta 1882 a Skye, inda mata da maza suka yi arangama da 'yan sandan da aka kawo daga Gilasgo, a kan kiwon dutse guda ce mai suna Beinn Lì. Da hukumar bincike ta Napier ta zagaya a 1883, dattawa sun riƙa jero mata sunayen garuruwan da aka tasa. Sunan kufai ya zama takardar shaida ga mutanen da ba su da takarda, kuma dokar 1886 da ta hana korar ƙananan manoma barkatai ta biyo bayan wannan shaida. Waɗanda suka haye teku sun tafi da abin da ya ɗauku: akwai Stornoway a Kwibek, birnin Calgary na Kanada kuma sunan wani ɗan lungu ne a Mull. Sunan gari yakan yi ƙaura. Sunan dutsen da ake shanya wanki a kai ba ya zuwa ko'ina. A watan Agusta na 1930 mutum 36 na ƙarshe suka bar Hiort, suka bar tsaunukan da kakanninsu ke sauka da igiya suna kamo tsuntsaye, kowane tudu da sunansa.

Makaranta ta ƙara nata. Dokar ilimi ta 1872 ba ta ko ambaci Galik ba, aka yi zuriya bayan zuriya da ke karatu da Turanci kaɗai. A ƙidayar 2011 kashi 52 cikin ɗari na mutanen Tsibiran Yamma ke jin harshen. A ta 2022 sun koma kashi 45.

An yi yunƙurin gyara, kuma ba ƙarami ba. Majalisar Sikotilan ta yi wa Galik doka a 2005. A 2006 aka kafa Ainmean-Àite na h-Alba, mai tantance sahihin rubutun sunaye don alluna da taswira. Yau mai tuƙi a Lewis Steòrnabhagh zai fara gani a allo. Tun 1951 masu bincike daga Jami'ar Edinbara ke naɗar muryoyin tsofaffi, ana iya sauraron da yawansu a intanet a taskar Tobar an Dualchais, Rijiyar Gado. Ƙungiyoyin tarihi na ƙauyuka, waɗanda ta farkonsu ta tashi a Ness na Lewis a 1977, sun zauna da dattawa da taswira suna cike gurabe. Duk wannan abin yabo ne, ban raina shi ba. Sai dai allo na ceton sunan da mota ke wucewa ta gabansa ne. Sunan da ke cikin taska an adana shi, amma ba a kiransa. Ranar da aka daina zuwa ruga, aka sa wa jirgin kamun kifi na'urar da ke nuna wuri da lamba, aka koma ɗumama ɗaki da mai, ranar ɗaruruwan sunaye suka rasa mai buƙatarsu, ko da kowa a gidan na jin Galik. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Dausayin Lewis yana nan inda yake, ƙafa ce ta ɗauke daga kansa.

An ga nauyin wannan a 2004, lokacin da wani kamfani ya nemi kafa manyan fankokin samar da lantarki 234 a dausayin arewacin Lewis, daga baya aka rage zuwa 181. Masu goyon baya na da hujjarsu, domin tsibirin na buƙatar aiki kuma matasa na ta ficewa. Amma cikin maganganunsu an riƙa siffanta wurin da fili wofi. Wannan ya yi wa mutane da yawa zafi. Marubuci Finlay MacLeod da mai zane Anne Campbell da wasu abokansu suka tattara kalmomi sama da 120 da ake siffanta dausayin da su, irin su caochan, siririn rafin da ciyawa ta rufe har ba a ganinsa, daga kalmar da ke nufin makaho. Aka zana taswirorin rugage da hanyoyinsu. Takardun ƙin amincewa sama da dubu goma suka isa gwamnati, kuma a Afrilun 2008 ta ƙi ba da izini. Gaskiya ita ce dokar kare tsuntsaye ce ta yanke hukuncin, ba sunaye ba. Doka ta san yadda ake ƙidaya sheƙar tsuntsu, ba ta da ma'aunin sunan rugar kakar wani. Amma sunayen ne suka tuna wa mutanen abin da suke karewa.

Ina ganin shi ya sa mallakar ƙasa ta fi allo muhimmanci a wannan batu. Mutanen Eigg sun saye tsibirinsu a 1997, na arewacin Harris a 2003, na kudancin Uist a 2006, na Galson a Lewis a 2007. Inda jama'a ke yanke shawarar wa zai yi kiwo a ina, wane rami za a yanka, ina za a gina wa sabon aure gida, dole su zauna su ambaci wuraren, kuma da sunayen da suka gada za su ambace su.

Kimanin kilomita 65 arewa da ƙarshen Lewis akwai wani dutse tsirara a tsakiyar teku, Sùlaisgeir. Súla sunan wani babban farin tsuntsun teku ne a Norsanci, sker kuma dutse. Tun a 1549 wani malamin coci, Donald Monro, ya rubuta cewa mutanen Ness na zuwa can kamun tsuntsaye. Dokar kare tsuntsaye ta 1954 ta keɓe musu izini na musamman, aka daɗe ana ba su damar kama 2,000 a shekara, duk da masu rajin kare dabbobi na adawa, murar tsuntsaye kuma ta hana tafiyar a 2022. A shekarar da aka tafi, maza goma ne ke sauka a dutsen a watan Agusta, su yi kusan mako biyu suna kwana a bukkokin dutse da ba su san wanda ya fara gina su ba. Suna kamo 'ya'yan tsuntsun, guga, a bakin gangare, su fige, su babbake, su sa gishiri su jera. Sabon shiga yana bin na gaba da shi, ana nuna masa tsagar da jirgi ke iya matsowa da gefen da santsi ke kayar da mutum, ana gaya masa sunan kowanne da ƙarfi saboda ƙarar iska da kukan tsuntsaye.